Maiƙon jini: mene ne shi, kuma yaya ake rage shi a tukunya da tafiya

Kolestarol, wanda mutane ke kira maiƙon jini, wani sinadari ne mai kama da kakin zuma da ke yawo a cikin jini. Jiki na bukatarsa wajen gina ƙwayoyin halitta da sarrafa ruwan matsarmama mai narkar da abinci. Hanta ce ke samar da mafi yawansa, ragowar kuma daga abincin da ya fito daga dabba yake shigowa. Idan ya yi yawa sai ya riƙa maƙalewa a bangon jijiyoyi, shekara da shekaru, har hanyar jini ta ƙuntata. Ranar da ta toshe a zuciya, bugun zuciya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi. Siriri ma yana iya ɗauke da shi. Awon jini kaɗai ke nuna shi.

Karanta takardar awo

Ɗakunan awo a Abijan galibi suna rubuta sakamako da giram a kowace lita. Abin da ake so, jimillar kolestarol ta kasance ƙasa da giram 2. Wanda aka yi wa awo a Kano ko Zariya zai ga wani ma'auni daban, inda wannan iyaka take kusa da 5.2, don haka kada a rikice a gwama lambobin biyu. A takardar akwai LDL, shi ne mai maƙalewa a jijiya, da HDL mai kwashe maiƙo ya mayar hanta, wanda ake so ya haura giram 0.4. Sai tirigiliserid, wani kitsen da sukari da ƙiba ke ɗagawa, ana so ya tsaya ƙasa da giram 1.5. Iyakar LDL kuwa ba ɗaya ba ce ga kowa. Mai ciwon sukari, ko mai hawan jini, ko wanda ya taɓa samun bugun zuciya, likita zai nemi nasa ya sauka ƙasa ƙwarai. Ana yin awon a asibitocin unguwa, kuma Cibiyar Ciwon Zuciya ta Abijan tana nan Treichville, a harabar babban asibitin koyarwa.

Abincinmu

A bakin tukunya maganar take. Ɗauki garba, aceke da soyayyen kifin ton, abincin da ya ɗauki suna irin namu saboda 'yan Nijar ne suka shahara da sayar da shi. Kifin ba shi da laifi, yana ma daga cikin mafi amfani ga zuciya. Aceke rogo ne, babu kolestarol a cikinsa. Matsalar tana cikin kaskon: man da aka soya kifi da shi tun safe, ya yi baƙi, aka ƙara sabo a kan tsoho, sannan a ɗebo cokali biyu a kwarara a kan aceken. Mai yana lalacewa idan aka yi ta maimaita ƙona shi. Mai cin garba kullum ya fara da cewa kar a zuba masa man, ya nemi ƙarin albasa da tumatur. Da yamma kuma, aceke da gasasshen kifi ya fi.

Manja da miyar ƙwarar manja da aloko su ma haka. Kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke sa hanta ta bar LDL ya taru. Man shanu, kakiɗe da man kwakwa duk wannan dangi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kitse kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini. Ba wanda zai zauna yana wannan lissafi a gida. Abin da zai yiwu shi ne uwargida ta auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga jarka, ta sauya da man gyaɗa ko na waken soya a yawancin girki, ta kwashe man da ya taso a kan miya kafin a zuba.

Nama ya fi wuyar magana, domin a garin nan mutanenmu da yawa da shi suke ci. Ban ce a daina cin cukuya ko tsire ba. A zaɓi tsoka, a ture kitsen gefe, a cire fatar kaza, a rage kayan ciki da ƙwaƙwalwa. Makon layya ya fi kowane lokaci haɗari, lokacin da ake soya rago a cikin kitsensa a yi ta ci safe da dare. Teburin mai shayi ma a sa masa ido: burodi da bota da mayonez, ga madarar gwangwani mai zaƙi, kowace safiya.

Akwai kuma abin da ake ƙarawa. Wake, kuɓewa, gauta da alkamar Turawa ta kunu suna da wani irin harza mai yauƙi da ke kama maiƙo a hanji ya fitar da shi. Gero da dawa da ba a surfe su tas ba sun fi farar shinkafa da farin burodi. Zogale, alayyafo, ganyen dankali, lemo, gwanda, fiya da ɗan dunƙulen gyaɗa marar gishiri duk suna nan a kasuwar Guro ta Adjamé. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini, gishiri kuma ƙasa da giram 5, har da wanda ke cikin dunƙulen magi.

Motsa jiki da sauran halaye

Ana son minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar. Mai shago da ke wuni a zaune, ya tashi ya shiga gbaka har ƙofar gida, shi ya fi bukata. Ya sauka tasha ɗaya kafin tasa ya ƙarasa a ƙafa. Mai tumbi idan ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa zai ga bambanci a takarda. Taba da shisha suna rage HDL kuma suna ɓata bangon jijiya, barinsu ya fi kowace ƙa'idar abinci saurin amfani.

Azumi yana taimakawa idan ba a rama da dare ba. Wanda ya buɗe baki da ƙosai da fanke da aloko, ya bi da lemon kwalba, yana iya fita Ramadan da nauyin da ya fi na shigarsa. Hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib da Tirmizi ya ruwaito, mai raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, ya isa ma'auni a nan.

Inda abinci bai isa ba

Bayan wata uku da gyara abinci, a sake awo. Wasu nasu gado ne, kamar mutum 1 cikin 250, kuma ko ganye kaɗai suke ci ba zai sauka yadda ake so ba. Gidan da aka sha samun bugun zuciya kafin shekara 55, a auna 'ya'ya da 'yan'uwa. Irin waɗannan, da masu haɗari babba, likita kan ba su maganin da ake kira statin, wanda ke rage LDL da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Tafarnuwa, habbatus sauda da jiƙe-jiƙen kasuwa ba sa maye gurbinsa, kuma mai shan wani jiƙo ya gaya wa likitansa, don wasu suna taɓa hanta da ƙoda. Maganin sau ɗaya ake sha a yini, don haka mai azumi yana iya shansa da dare bayan ya shawarci likita.