DAGA CACAR WURI ZUWA ASHIRIN DA ƊAYA

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya mu leƙa tarihin caca, domin wasan kartar da Turawa ke kira blackjack, wato ashirin da ɗaya, ya iso aljihun samarin Isa da Sabon Birni ta cikin wayar hannu.

Ita caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gobir. Tun ana ciniki da wuri, 'yan caca kan zauna a bayan kasuwa su watsa wuri, a duba waɗanda suka kife da waɗanda suka buɗe. Da kuɗin Turawa suka kori wuri, karta ta ci gaba da aikin. A shekarar 2000, bayan Zamfara, Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da Shari'a a mulkin Attahiru Bafarawa, shi kansa mutumin ƙasar Isa, caca ta koma ɓoye. A Nuwamban wannan shekarar kuma masu zanga-zanga a Maraɗi suka far wa mashaya da rumfunan caca. Sai dai waya ba ta da rumfar da za a rushe.

Shi ashirin da ɗaya tsoho ne a Turai. Marubucin Sifen, Cervantes, ya ambace shi a wani labari da aka buga a 1613. Ya yaɗu a Faransa, ya haye Amurka, inda jihar Nabada ta halatta gidajen caca a 1931.

Dokarsa kuwa ko yaro zai gane. Kati 52 ne. Daga 2 zuwa 10 kowanne lambarsa ce ƙimarsa, masu hoto goma-goma ne, mai harafin A kuma ɗaya ne ko sha ɗaya. Za a ba ka biyu, mai rabo ya ɗauki biyu, ɗaya a rufe. Ko ka nemi ƙari ko ka tsaya, burinka ka fi shi kusa da 21 ba tare da ka wuce ba. Shi dole ya ƙara in yana da 16 ko ƙasa, ya tsaya in ya kai 17.

To ina tarkon yake? Kai ne ke fara ɗauka. In ka wuce 21 kuɗinka sun tafi nan take, ko da shi ma daga baya ya wuce. Wannan 'yar dokar ita ke ciyar da mai gida. A 1962 wani malamin lissafi, Edward Thorp, ya nuna a littafinsa cewa mai ƙirga katin da ya fita zai iya rinjayar gida. Sai gidajen suka riƙa haɗa karta shida ko takwas wuri guda, suna korar masu ƙirgen. A waya kuwa kwamfuta ke sake cakuɗa katin bayan kowane zagaye, babu abin ƙirgawa.

Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka sa kuɗin geron da ka sayar a kasuwar Shinkafi, ka tuna addini ya haramta, lissafi ma bai goyi bayanka ba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.