Kunnuwan da Aka Shuka a Dajin Laos

A shekarar 1966, yaƙin Biyetnam ya kai wani matsayi da ya hana Robert McNamara, sakataren tsaron Amurka, kwanciyar hankali. Jiragen yaƙi sun daɗe suna ruwan bama-bamai a Biyetnam ta Arewa, amma sojoji da shinkafa da harsasai ba su fasa gangarawa kudu ba. Hanyar da suke bi, wadda aka fi sani da hanyar Ho Chi Minh, tarin turaku ne da ƙananan hanyoyin mota da suka ratsa duwatsu da kurmin ƙasar Laos, ƙarƙashin ganyen da idon matuƙin jirgi ba ya iya ketawa. Rundunar da ke kula da ita, Rukuni na 559, ta samo sunanta ne daga watan da aka kafa ta, wato watan 5 na shekarar 1959.

A bazarar wannan shekara ta 1966, wani gungun masana kimiyya da ke ba ma'aikatar tsaro shawara, mai suna JASON, ya kawo mafita: tun da ba a iya ganin abokan gaba, to a saurare su. A warwatsa ƙananan na'urori masu jin motsi a cikin dajin, su riƙa kai rahoton duk abin da ya gifta.

Wannan tunani yana da tsohon tushe. A 1880, 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli, irin su kwatz, suna fitar da wutar lantarki idan an matsa su. Daga baya aka tabbatar da cewa idan an ba su lantarki, su ma sukan motsa. Ke nan ga wani abu marar rai da ke amsa taɓi, kuma yana iya mayar da sauti ya zama saƙo. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da jiragen Jamus masu nutso suka addabi teku, Paul Langevin ya danne yankan kwatz tsakanin farantan ƙarfe, ya aika sauti cikin ruwa, ya saurari amsa-kuwwarsa. Yaƙin ya ƙare kafin na'urar ta yi wani tasiri, amma ita ce kakar na'urorin gano jiragen ƙarƙashin ruwa. A Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, har an fara jefa 'yan na'urorin saurare daga jirgin sama su yi ta iyo a kan teku suna aiko da abin da suka ji.

Wannan dabara ta teku ce aka ɗauko aka kai kurmi. Shirin, wanda daga 1968 aka laƙaba wa suna Igloo White, ya dogara da nau'o'in na'urori da dama. Akwai Acoubuoy, wadda ake saki da lema ta maƙale a reshen bishiya tana sauraren ƙarar inji da muryoyi. Akwai ADSID, mai siffar mashi, wadda ke faɗowa ta nutse cikin ƙasa, ta bar eriyarta kaɗai a waje, an ƙera ta kamar tsiro. Ita girgizar ƙasa take ji, ta tayar mota ko ta sawun mutane. Jirage samfurin EC-121R suna shawagi dare da rana suna karɓar saƙonnin, suna miƙa su ga wata cibiya a Nakhon Phanom ta ƙasar Tailan. A can, kwamfutocin IBM 360 suna tace bayanan. Idan na'urorin da ke jere a kan wata hanya suka farka ɗaya bayan ɗaya, sai ma'aikata su ƙiyasta tsawon ayarin da saurinsa, su tura jiragen yaƙi inda suke zaton zai isa.

Farkon abin ya ba da ƙwarin gwiwa. A farkon 1968, lokacin da aka yi wa sansanin Khe Sanh ƙawanya, an watsa na'urorin a kewayensa, kuma hafsoshin da suka kare wurin sun shaida cewa sun taimaka musu wajen sanin inda ake taruwa don kai musu hari. Amma Khe Sanh ƙaramin fili ne da aka san duk mai motsi a gefensa maƙiyi ne. Kurmin Laos ya sha bamban.

Ma'aikatan hanyar ba su daɗe ba suka gane tsiron da ba ya girma. Wasu na'urorin suka lalata su. Wasu kuwa suka bar su da rai, don sun fahimci cewa kunnen maƙiyi ma abin amfani ne. Sukan kora dabbobi su wuce ta gefensu, ko su kunna faifan ƙarar mota a wurin da babu mota, jirage su zo su zubar da kayansu a kan itatuwa, ayarin gaske kuma ya bi wata hanya. Haka aka yi da wata na'urar dabam mai shinshinar warin jikin mutum, wadda ake ɗorawa a jirgi mai saukar ungulu: bokitin fitsari da aka rataye a reshe ya isa ya ruɗe ta. Ga kuma batir da ke mutuwa cikin 'yan makonni, sai an sake shuka sabo.

Babbar matsalar ita ce tantance sakamako. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan ji kaɗai ake da shi. Idan ƙara ta ɗauke bayan an jefa bam, ana iya rubuta cewa an hallaka mota, alhali wataƙila direba ne ya kashe inji. Alƙaluman motocin da rundunar sama ta ce ta lalata sun yi ta hauhawa, har wasu jami'an Amurka da kansu suka daina gaskata su, domin hotunan da aka ɗauka daga sama ba sa nuna gawarwakin motoci masu yawan haka. A ƙarshen Maris na 1972, Biyetnam ta Arewa ta ƙaddamar da gagarumin farmaki da tankoki da manyan bindigogi, abin da ya nuna cewa hanyar ba ta toshe ba. An rufe shirin a 1973, Saigon kuma ta faɗi ranar 30 ga Afrilu, 1975.

Waɗanda suka biya farashi mafi tsada su ne mutanen Laos. Daga 1964 zuwa 1973 an jefa wa ƙasar bama-bamai fiye da tan miliyan 2. Miliyoyin ƙananan bama-bamai ba su fashe ba, kuma har yau suna kashe manoma da yara a gonaki.

Mafarkin bai mutu ba. A ƙarshen shekarun 1990, Kris Pister na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya samu tallafin DARPA, hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, don wani aiki da ya kira ƙura mai wayo: na'ura mai ji da lissafi da aika saƙo, wadda aka yi burin kada ta wuce ƙwayar yashi girma. A 2001, a sansanin Twentynine Palms, jirgi marar matuƙi ya saki wasu 'yan na'urori a gefen hanya, suka haɗa kansu, suka gano motocin da ke wucewa. Abin da a da yake buƙatar katafaren gini a Tailan ya fara shiga tafin hannu.

Ƙanƙantar na'ura ta magance matsalar nauyi da ta tsada, amma ba ta taɓa matsalar Laos ba. Na'urar da ke jin girgiza za ta ce wani abu ya wuce. Ba za ta faɗi ko soja ne ko mai kiwo ba, ko kuma faifai ne aka kunna mata. Wannan hukunci yana nan a wuyan wanda ke zaune nesa yana kallon allo, kuma idan ya kuskure, mutanen da ke zaune a ƙasan ne za su ɗauki nauyin kuskurensa shekaru da dama bayan an nannaɗe tutoci.