Dalasi da Dala: Kuɗi Biyu, Suna Ɗaya

A ranar 6 ga Yuli, 1785, Majalisar Amurka, wadda a lokacin take zama a birnin New York, ta zartar cewa dala ce za ta zama kuɗin sabuwar ƙasar. Sunan ba baƙo ba ne ga mutanen birnin. Tun yana hannun 'yan Holand, kafin Ingila ta ƙwace shi a 1664, 'yan kasuwarsa suke ciniki da wata azurfa mai hoton zaki da ake kira daalder. Asalin kalmar kuwa daga Joachimsthal ne, wani kwari a Bohemiya inda aka fara buga manyan kuɗin azurfa wajen 1520.

Wannan kalma ta bi 'yan kasuwa har Afirka ta Yamma, ta sauka a kan azurfar Faransa mai faran biyar. Shi ya sa har yau in mutumin Maraɗi ya ce dala, sefa biyar yake nufi. A Gambiya, wadda Senegal ta kewaye ta gefe uku, wannan azurfa ce manoman gyaɗa suka amince da ita, suna kiranta dalasi, gwamnatin Ingila kuma tana karɓarta a kan kusan sule huɗu. Bayan Yaƙin Duniya na Farko darajar faran ta faɗi, amma hukuma ta yi sakaci ba ta sauya farashin ba. Sai mutane suka riƙa kwaso azurfar daga Senegal suna canzarwa da riba. Kafin a soke ta a 1922, baitulmali ya yi mummunar asara.

An soke azurfar, amma sunan bai bar bakin jama'a ba. A 1971, shekara shida bayan samun 'yancin kai, Gambiya ta ajiye fam ta fito da kuɗinta, da hoton Shugaba Dawda Jawara a jikin takardun. Dalasi biyar ne fam guda, wato dalasi ɗaya sule huɗu, kamar dai yadda manoma suka saba lissafi. Kowane dalasi kuma butut ɗari ne.

A 1986 aka sakar wa kasuwa ta riƙa yanke darajarsa, tun daga nan kuma ya yi ta raguwa a gaban dala. A unguwar Bronx ta New York, inda 'yan Gambiya da yawa suka zauna kusa da 'yan Nijar da Gana, ma'aikaci kan tambayi farashin ranar kafin ya aika da dala gida, domin a Banjul dalasi za a ƙirga wa iyalinsa.