Daga Memphis zuwa Sakkwato: yadda inji ya shiga maƙogwaron mawaƙi

Duk fadar da ka zauna, in an saka waƙar fim ta Kano, sai ka ji wani ya ce: "Wannan ai inji ne ke waƙa, su Shata da bakinsu suka yi." Ni ma na sha faɗin haka. Amma fa taɓa muryar mawaƙi a situdiyo ya girmi iyayenmu.

A 1954, a situdiyon Sun da ke Memphis ta Amurka, Sam Phillips ya ɗauki muryar Elvis Presley da injinan tef biyu, ɗaya na maimaita ɗaya bayan ɗan jinkirin da bai kai daƙiƙa ba. Amsa-kuwwar nan ita ta cika muryar yaron. A 1966 kuma, a Abbey Road ta Landan, John Lennon ya gaji da rera baiti sau biyu don murya ta yi kauri, sai injiniya Ken Townsend ya ƙirƙiro dabarar ninka ta da tef.

Wanda ya fi damunmu shi ne Auto-Tune. Mai shi, Andy Hildebrand, asali aikin neman man fetur ya yi wa kamfanin Exxon: a tura amo cikin ƙasa, a auna yadda ya dawo. Irin lissafin nan ya juya kan murya, kamfaninsa Antares ya fitar da manhajar a 1997. Aikinta shi ne ta gano inda mawaƙi ya kauce, ta jawo shi a hankali zuwa sautin da ke daidai, ba wanda zai gane. Sai a 1998 masu haɗa waƙar "Believe" ta Cher suka murɗa saurin gyaran har ƙarshe. Murya ta daina zamewa daga sauti zuwa sauti, ta koma tsalle kamar mai hawan matakala. Da aka tambaye su, suka ce wai wata na'ura ce daban. T-Pain ya maida abin tambarinsa daga 2005, Jay-Z ya yi waƙar "mutuwar" Auto-Tune a 2009, kuma ga shi nan bai mutu ba.

To mu fa? Situdiyoyin Kano sun rungume shi, musamman ga muryar mata a waƙoƙin fim, wadda dama ake so siririya irin ta fina-finan Indiya. A 2008 Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya je Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da Tamajak amma da muryar inji irin ta Kano. Waƙoƙin suka bi Bluetooth da kart-memwar daga waya zuwa waya har Mali. A can Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji "Tahoultine", ya saka ta a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. Dabarar da ake cewa ta ragwaye ce ta buɗe masa ƙofar duniya.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya na ɗalibin harshe ne. Hausa harshe ne mai karin sauti. "Kai" na kiran mutum sautinsa a sama yake tsaye, "kai" na bisa wuya kuwa faɗuwa yake daga sama zuwa ƙasa cikin gaɓa guda. Wannan zamiyar ita ce daidai abin da injin ke yankawa in an murɗa shi har ƙarshe: ko ya tsaida gaɓar wuri ɗaya, ko ya karya ta biyu. Baturen da ya ƙera shi da Ingilishi yake tunani, inda hawa da saukar murya ba sa maida kalma wata kalma. Mawaƙanmu masu kunne sukan gina launin waƙa bisa karin kalmomin, sai injin ya bi su. Inda mawaƙi ya yi sakaci ya bar wa mai kwamfuta komai, nan ne za ka ji muna gardama a fada kan me aka ce a amshi.