Ɗoɗɗoya ba ta son firji: nazari kan ajiyar ganyenta a Dutsen Abba, Zariya

Yawancin ganyayen miya suna ƙara kwana idan aka sa su a firji, amma ɗoɗɗoya ba ta cikin sahunsu. Tsiro ne na ƙasashe masu zafi, kuma da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas sai ganyenta ya fara lalacewa. Firjin gida kuwa yakan tsaya ne a wajen digiri 4. Shi ya sa uwargida kan ajiye ƙullin ɗoɗɗoya shar da ita, bayan 'yan kwanaki ta tarar da ɗigo-ɗigon baƙi a jikin ganyen, ya yi laushi, ƙamshin kuma ya tafi. Sau da yawa rashin wutar lantarki ake ɗora wa laifin, alhali da wutar ta zauna daram ma ɓarnar sai ta fi haka.

Sanyin yana raunana fatar ƙwayoyin halittar ganyen ne, sai sinadaran da a da suke rabe su cakuɗe, iska ta same su, su rikiɗe zuwa baƙi, kamar yadda yankakken dankali ke yin duhu in an bar shi a buɗe. Wuƙa mai dakushi da matsewa cikin leda suna haifar da irin wannan illa.

Ƙamshin kuma yana cikin wasu ƙananan ƙuraje na mai da ke saman ganyen, waɗanda ido ba ya gani sosai. In ka murza ganye ɗaya tsakanin yatsunka, su ne ka fasa. Ɗoɗɗoyar gida mai faɗin ganye, wadda masana tsirrai ke kira Ocimum gratissimum, wasu ire-irenta suna ɗauke da sinadarin da ke ba kanumfari ƙamshinsa. Duk wankin da aka yi mata tun kafin lokacin girki, asarar wannan man ce, ga kuma laimar da ke jawo ruɓewa.

A ganina, kuskure ne a nemi dabara guda da za ta yi aiki duk shekara, domin iskar Zariya kala uku ce. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bushewar iska ce matsalar: ganye yana yaushi cikin yini guda. Maganinsa a datse gindin karan, a tsinke ganyen ƙasa, a tsoma karan kaɗai cikin kofin ruwa, a yafa masa leda sako-sako, a riƙa sauya ruwan kullum. Haka takan kai mako. Da damina kuwa a cire ledar, tunda laima ta riga ta yi yawa.

Bazara ce ta fi wuya, kuma a nan ne tukwanen ƙasa suka fi firji dacewa. Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke tsanewa ta jikin tukunyar waje, yana tafiya da zafin ciki. Sanyin da ake samu bai kai na firji ba, kuma abin da ɗoɗɗoya ke so ke nan. Ko gindin randa a inuwa ya fi kan teburin kicin. Sai dai kada a haɗa ta wuri ɗaya da nunannen tumatir ko ayaba, domin iskar da suke fitarwa tana saurin tsufar da ganye.

Mai son ajiyar watanni sai ya shanya ta a inuwa, yadda ake yi wa zogale, ba a rana ba, ya adana ganyen a kwalba ba tare da ya daka ba. Ƙamshin zai ragu, ba makawa, kuma farfesun kayan ciki zai nuna bambancin.

Karan da aka bari cikin kofin ruwa kuwa yakan fitar da fararen saiwoyi cikin mako ɗaya zuwa biyu. In aka dasa shi a tsohon bokiti kusa da wurin alwala, aka riƙa tsinke kan kafin ya yi fure, zai ci gaba da yin rassa, gidan kuma ya daina sayen ɗoɗɗoya a kasuwar Tudun Wada.