3.4 Dokar Mallakar Ƙirƙira da Matsayin Daddawa a Ƙasar Zamfara

A wannan sashe za a duba yadda dokar mallakar ƙirƙira ta samo asali, da irin matsayin da ta bai wa abincin gargajiya, musamman daddawar da mata ke sarrafawa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu.

Turawan mulkin mallaka ne suka fara shimfiɗa wannan doka a Arewa a shekarar 1902. Daga 1925 kuma, sai wanda ya riga ya sami takardar mallaka a Ingila ne kawai ake yi wa rajista a Nijeriya. Haka aka ci gaba har 1970, lokacin da gwamnatin soja ta kafa Doka mai lamba 60. Dokar ta ba mai ƙirƙira ikon cin moriyar abinsa shi kaɗai har shekara 20, bisa sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya ƙunshi hikimar da ba kowane masanin sana'ar zai hango ba, kuma masana'antu su iya amfani da shi. Duk abin da jama'a suka riga suka sani, a ko'ina kuma a kowane zamani, ta rubutu ko ta baka ko ta aiki, ba sabo ba ne.

Idan aka auna daddawa da wannan ma'auni, za a ga ta daɗe da sanuwa. Dafa kalwa da surfe ta da rufe ta ta ruɓa ilimi ne da 'ya ke gada wurin uwa. Bugu da ƙari, Baturen nan Kilafaton ya ratsa Zurmi a 1824, kuma littafin tafiyarsa da aka buga a 1826 ya bayyana yadda ake sarrafa kalwa.

Muhimmancin irin wannan hujja ya fito a rikicin tef, tsabar da Habashawa ke ci tun fil'azal. Wani kamfanin Holan ya sami takardar mallakar sarrafa garinta a Turai a 2007, sai a 2018 wata kotu a Holan ta soke takardun da ke aiki a ƙasar saboda rashin sabuwar hikima.

Ke nan, dokar ta hana wani kamfani mallake daddawa, amma ta hana matan Tsafe ma mallakarta. Abin da ya rage gare su shi ne a rubuta hanyoyin sarrafawar, domin hujjar baka tana da wuyar tabbatarwa a gaban kotun ƙetare.