Daga Littafin Akawu zuwa Gidajen Excel

Kafin zuwan kwamfuta, akawun kamfani yana aiki ne da faffaɗar takarda mai layuka a kwance da a tsaye, kowane gida ɗauke da adadi guda, kuma idan adadi ɗaya ya canza sai ya bi da fensir yana gogewa yana sake lissafin duk gidajen da suka dogara da shi. Wannan wahala ce Dan Bricklin, ɗalibin kasuwanci a Jami'ar Harvard ta Amurka, da abokinsa Bob Frankston suka magance a 1979 da manhajar VisiCalc, wato jadawalin lissafi na kwamfuta mai sabunta sakamako da kansa. Lotus 1-2-3 ta karɓe kasuwa daga 1983, sannan Excel ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 1985, ta ture ta a hankali har ta mamaye ofisoshi.

Da ma'aikatu suka fara tara bayanansu a dandalin aiki tare, kamar SharePoint da Microsoft ya fitar a 2001, sai aka samu jeri mai ƙa'ida, inda aka fayyace cewa wannan shafi na kwanan wata ne, wancan na suna, kuma aka san wanda ya taɓa kowane layi. Sai dai hannun ma'aikata ya riga ya saba da Excel, saboda haka da wuya a ga dandalin da bai buɗe ƙofar kwashe jeri zuwa jadawali ba. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce CSV, wato tsurar rubutu da ake raba ƙimominsa da waƙafi, tsarin da ya girmi VisiCalc kanta, domin harshen Fortran na IBM yana karɓar irinsa tun 1972, ko da yake sai a 2005 aka rubuta bayanin ƙa'idarsa a takardar RFC 4180.

A bakin wannan ƙofa ne ake yin asara, domin CSV ba ya faɗin nau'in abin da ya ɗauko, Excel kuwa hasashe take yi. Lambar wayar Najeriya da ta fara da sifiri takan rasa sifirin, tunda manhajar ta ɗauke ta adadin lissafi. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sukan rikiɗe su zama tarkace idan ba a gane tsarin haruffan fayil ɗin ba. A kwamfutar da aka saita da Faransanci kuma, kamar yadda aka saba a Nijar, waƙafi alamar ɓangaren adadi ne, don haka Excel takan jira waƙafi mai ruwa, sai layi guda ya cunkushe a gida ɗaya. Masana ƙwayoyin gado sun sha irin wannan, inda sunaye kamar SEPT1 da MARCH1 suke komawa kwanan wata, har kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya gwammace, a 2020, ya canza sunayen da ya jira a gyara manhajar. Abin mamaki ne kimiyya ta sassauta wa kayan ofis, amma hakan aka yi.

Asara mafi nauyi ta auku a Ingila a shekarar 2020 ɗin, lokacin annobar korona, sa'ad da hukumar lafiyar jama'a take zuba sakamakon gwaji daga fayilolin CSV cikin tsohon tsarin Excel wanda ba ya wuce layi 65,536, alhali sabon tsarin da ya zo a 2007 yana ɗaukar fiye da layi miliyan ɗaya. Duk abin da ya haura iyakar ya zube ba a lura ba, aka bar mutum 15,841 da suka kamu tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba a sa su cikin ƙidaya a kan lokaci ba, masu bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da su kuma suka makara da kwanaki.